Aikin Hoto Ba Ya Ƙarewa a Cikin Kyamara

A yammacin ranar 1 ga watan Nuwamba na shekarar 1941, wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Ansel Adams, yana tafe cikin mota a jihar New Mexico, sai ya hango wata ya fito a saman wani ɗan ƙauye mai suna Hernandez. Rana tana gab da faɗuwa, ragowar haskenta yana dukan fararen gicciye da aka kafa a maƙabartar ƙauyen. Ya tsaya ya kafa kyamara cikin gaggawa, ya lalubi na'urarsa ta auna haske bai gan ta ba, sai ya yi lissafi da ka daga abin da ya sani game da ƙarfin hasken wata. Sau ɗaya tak ya samu ya ɗauka. Kafin ya shirya ɗauka ta biyu, hasken ya bar maƙabartar.

Wannan hoto ya zama ɗaya daga cikin mafiya shahara a tarihin hoton baƙi da fari. Sai dai abin da masu sha'awarsa suka fi yabawa, wato baƙin sararin sama da watan ke lilo a cikinsa, ba haka kyamara ta kama shi ba. A bugun farko sararin yana da haske, har ana ganin ɓurɓushin gajimare a samansa. Adams ya wanke hoton fiye da sau 1,300 a tsawon rayuwarsa, kuma da shekaru suka yi ta tafiya ya riƙa ƙara wa saman duhu. A 1948 ma sai da ya sa wa ƙasan dodon hoton sinadari don ƙauyen ya ƙara fitowa. Ɗaukar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, amma gyaran ya ci shekaru kusan arba'in.

A yau ɗakin duhu ya koma cikin kwamfuta, kuma matasa da yawa masu son hoton baƙi da fari suna zaton koyon gyaran hoto shi ne koyon manhaja. Wannan kuskure ne, kuma yana cin lokaci da kuɗi. Manhaja irin su Photoshop, wadda ta fito a 1990, ko Lightroom, wadda ta biyo baya a 2007, mai himma zai iya laƙantar maɓallanta cikin 'yan makonni. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne ido ya san matakan da ke tsakanin baƙi da fari, ya kuma iya yanke hukunci a kan inda kowane sashe na hoto ya kamata ya zauna.

Masu wankin hoto na da sun san haka, domin hannunsu ne ke yin aikin. Akan haska fitila ta cikin dodon hoto zuwa kan takarda mai jin haske. Inda haske ya daɗe yana sauka, nan takarda kan yi duhu. Saboda haka idan mai wanki yana son fuska ta yi haske, sai ya riƙe ɗan kwali a bakin waya ya tare mata fitila na 'yan daƙiƙoƙi, yana kaɗa shi don kada ya bar shaida. Idan kuma sama yake son ta yi duhu, sai ya dunƙule hannu ya bar 'yar kafa, haske ya bi ta nan ya ƙona wurin shi kaɗai. Wanda ya buɗe Photoshop zai tarar da waɗannan kayan aiki biyu da hotonsu: ɗan faifai a kan tsinke, da hannu a dunƙule. Kwamfuta gadon dabarar ta ci, ta kuma sauƙaƙa ta. Hukuncin inda za a tare da inda za a ƙona yana nan a wuyan mai hoto.

Adams da abokin aikinsa Fred Archer sun tsara wannan sani wajen 1940. Sun kasa tazarar da ke tsakanin baƙi ƙirin da fari fat zuwa matakai goma sha ɗaya, daga sifiri zuwa goma. Mataki na biyar shi ne toka-toka na tsakiya, kuma kowane mataki ya ninka na ƙasa da shi sau biyu wajen haske. Amfanin tsarin shi ne ya sa mutum ya tambayi kansa tun kafin ya taɓa komai: wannan bango a wane mataki zai zauna, wannan inuwa fa, a bar ta da ɗan abin gani a ciki ko a rufe ta ruf? Mai koyo da ya saba da wannan tambaya, idan ya ga jadawalin haske a kan allon kwamfuta, ko layin da ake lanƙwasawa don daidaita duhu da haske, ba zai ga baƙon abu ba.

Akwai kuma ɗan lissafi da bai kamata a guje masa ba. Hoton da aka adana a matsayin JPEG matakai 256 kawai yake da su daga baƙi zuwa fari. Ɗanyen fayil da kyamarori masu kyau ke bayarwa, wanda ake kira RAW, yakan ɗauki 4,096 ko 16,384. Wanda ya matsa wa JPEG da gyara zai ga sama ta tsattsage ta yi layi-layi kamar matakalar bene, domin matakan da za su cike tsakani babu su.

Inda aikin ya fi zurfi shi ne wajen mai da launi zuwa toka-toka. Kyamarar zamani da launi take ɗauka, kuma cire launin da maɓalli guda yakan haifar da hoto lami. Jan tumatir da koren ganyensa suna iya komawa toka iri ɗaya, har a rasa inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Masu fim sukan magance wannan da gilashi mai launi a bakin kyamara: jan gilashi yana haskaka ja, ya baƙanta shuɗi. Da shi Adams ya baƙanta sama a hotonsa na dutsen Half Dome a 1927. A kwamfuta kuwa kowane launi yana da nasa maɓalli, a ɗaga shi ko a sauke shi bayan an gama ɗauka.

A nan ne maganar ta shafi fuskokin mutane kai tsaye. A jadawalin matakan nan, farar fata takan zauna a mataki na shida, baƙar fata kuwa wajen na biyar ko ƙasa da haka. A ɗauki misalin dattijo baƙi wanda ya sa farar babbar riga mai aiki, ya tsaya a rana da hantsi. Na'urar auna haske ta kyamara tana ƙoƙarin mai da duk abin da ta gani toka-toka. Idan ta bi riga, fuska ta nutse cikin duhu. Idan ta bi fuska, riga ta ƙone, aikin asake da mai ɗinki ya shafe makonni yana yi ya ɓace. Mai gyara da ya san aikinsa zai ware fuskar ya yi mata nata gyara, ya ɗaga ja da ruwan lemo kaɗan, tun da su suka fi yawa a fatar ɗan Adam, sa'an nan ya koma kan rigar ya sauke haskenta har zare ya fito. Kalmar "kaɗan" ita ce ke da wuyar koyo. In aka zarce, dattijon ya koma kamar wanda ya yi wanka da toka, har 'ya'yansa su ce wannan ba babansu ba ne.

Wannan ne ya sa shiryayyun salo da ake sayarwa, waɗanda mutum zai latsa sau ɗaya hoto ya rikiɗe, suke da haɗari ga mai koyo. Wani ne ya tsara su da idonsa, a kan hasken ƙasarsu da fuskokin da ya saba ɗauka. Yawancinsu kuma tsananta bambancin baƙi da fari suke yi, domin shi ne ke saurin fizgar ido a kan allon waya. Zanen aro ba ya rufe katara. Roy DeCarava, wanda ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar mutanen unguwar Harlem da makaɗan jaz irin su John Coltrane, ya bi wata hanya dabam. Hotunansa duhu ne a kan duhu, amma wanda ya tsaya ya duba zai ga inuwar cike take da fuskoki da hannuwa da yadi. Salo irin na latsawa sau ɗaya zai shafe duk wannan ya bar gawayi.

Wasu kan ce duk wannan gyara ƙarya ce da aka yi wa ado, hoto na gaskiya shi ne wanda ya fito daga kyamara ba a taɓa shi ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya a fagen aikin jarida. A gasar World Press Photo ta 2015 an kori kusan kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagaye na kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida, kuma korar ta dace, domin wanda ya ce wa jama'a ga abin da ya faru ba shi da ikon cirewa ko ƙarawa. Amma hoton da ba a taɓa ba babu shi. Duniya da launi take, don haka baƙi da fari tun asali fassara ce. Hoton da kyamara ta fitar da kanta ma an gyara shi, sai dai injiniyoyin kamfanin ne suka yanke hukuncin tun kafin mai hoton ya sayi kyamarar.

Labarin Seydou Keïta ya nuna nauyin da ke kan mai gyara. Ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, ya ɗauki dubban mutanen birnin cikin kayan adonsu, yana ba su ƙananan hotuna da za su sa a bango ko su aika wa dangi. A shekarun 1990 aka kai dodannin hotunansa birnin Paris aka sake wanke su manya-manya, wasu tsayinsu ya haura mita ɗaya, aka kuma ƙarfafa baƙi da farinsu har zanen atamfa da na labulen baya suka riƙa tsalle suna shiga ido. Da waɗannan ne duniya ta san shi, kuma yana raye ya sa hannu a kan da yawa daga cikinsu kafin rasuwarsa a 2001. Duk da haka, wanda ya ajiye tsohon bugu kusa da sabo zai ga abu biyu. A ƙaramin, mutum ne ke kallon danginsa. A babban, yadi yana gasa da fuska wajen jan hankali. Dodo ɗaya ne, amma wankin ya sauya abin da hoton ke faɗi.

To, ta ina mai koyo zai fara? Shawarar da ta fi amfani ba ta da daɗin ji. Ya zaɓi hoto guda, ya rubuta a takarda abin da yake son mai kallo ya fara gani da abin da zai gani daga baya, sa'an nan ya yi gyara. Ya kwana biyu bai duba ba, domin ido yana sabawa da wuce gona da iri cikin 'yan mintoci, kamar yadda harshe ke sabawa da yaji. Idan ya dawo zai ga farin zobe da ya kewaye bishiyoyi saboda yawan kaifafawa, da fuskar da ta fi duk abin da ke kewaye da ita haske ba dalili.

Daga nan sai ya buga a takarda, ko da ƙarama ce. Allon kwamfuta haske yake fitarwa, takarda kuwa aron haske take yi daga ɗakin da aka rataye ta, shi ya sa bugun farko yakan fito da duhu fiye da yadda aka zata, inuwar da ke da rai a allo ta toshe. Sai ya rage hasken allonsa, ya ɗauki fensir ya zagaye wuraren da suka toshe a kan takardar, ya koma ya buɗe su, ya sake bugawa, ya jera bugun biyu a bakin taga da safe ya duba.