Kwalta Ta Iso Gaya, Ina Hanyar Mai Ƙafa?

Wannan makon a bakin titi za mu tsaya.

Idan mota ta buge yaro, maganganu uku muke da su a shirye: tsautsayi ne, direba ne ke gudun wuce sa'a, ko kuma mota ce ta ƙwace. Ta farko tana rufe bakin kowa. Ta biyu tana ɗora wa direba laifin gaba ɗaya. Ta uku ma wanke direban take yi, ta bar ƙarfe da laifi. A cikin ukun babu wadda ke tambayar wanda ya zana titin. Ni kuwa ina ganin a garuruwa irin Gaya da Ajingi, yawancin haɗarin da ke faruwa a tsakiyar gari tun a takardar zane ake shuka shi, kuma a can ya fi sauƙin cirewa.

Gaya tsohon gari ne. Tarihin baka ma ya ce daga can maƙerin nan mai suna Kano ya taso ya sauka a gindin Dala neman tama. Lungunan irin wannan gari an yanke su ne daidai ƙafar mutum da kayan jaki, ga ƙunci ga lanƙwasa, ko kana so ba za ka yi gudu ba. Ba cewa nake a koma wancan zamani ba. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗauko mai naƙuda a babur cikin caɓin damina ya san darajar kwalta. Shi ya sa aka yi murna da gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye a 2006, wadda kashinta na farko ya taso daga Kano ya bi ta Wudil zuwa Shuwarin. Haka aka yi murna da gwamnatin Kwankwaso ta biyu ta fito da shirin titin kilomita biyar-biyar a ƙananan hukumomin jihar.

Sai dai ku lura da ma'aunin da muke yabon aiki da shi: kilomita nawa, faɗi nawa, hannu nawa. Ban da santsi babu abin da muke dubawa. Wurin tsallakawa nawa aka yi? Ina mai keke zai bi? Waɗannan ba sa shiga jawabin buɗe titi.

To su wane ne ke bin titin? A ƙasar Gaya da Ajingi, mai motar kansa shi ne 'yan tsiraru. Mafi yawa a ƙasa suke: ɗalibai da safe, 'yan mata masu talla, tsofaffi masu zuwa masallaci, mai ruwa da kurarsa. Sai manomi a keke da fartanya ɗaure a baya, mai babur da buhu biyu, amalanken shanu, garken awaki. Ranar Juma'a kuma ga motocin dabbobi masu nufar kasuwar Wudil. Duk waɗannan aka haɗa su a shimfiɗa ɗaya da tirela, aka ce kowa ya yi hattara.

Matsalar ita ce direba ba allon gefen hanya yake karantawa ba, titin yake karantawa. In ya ga faɗi, miƙe sambal, babu abin da zai sa ya ɗaga ƙafa, to zai taka, ko da dokar ƙasa ta ce kilomita 50 a awa ne iyaka a cikin gari. Ga lissafin da kowa zai iya yi. Mota mai gudun kilomita 30 tana cin kusan mita 8 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga yaro, ya taka birki, ta tsaya a busasshiyar kwalta, ta ci wajen mita 13. Mai gudun kilomita 50 kuwa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙar farko kaɗai. Wato a daidai inda ta farko ta tsaya cak, ta biyu ko birki ba a fara takawa ba. Tsakanin "Allah ya kiyaye" da "Allah ya jiƙansa" sau da yawa kilomita 20 ce kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'a, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Wannan ne ya sa taron ministoci da aka yi a babban birnin Suwidin a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mota ke cakuɗa da mutane.

Wani zai ce mutanenmu ne ba sa bin doka. Akwai gaskiya a ciki, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun kafa ta a 1988 take wa'azi a tashoshi. Amma jami'i ba zai kwana a kowace kwana ba. Majalisar Suwidin a 1997 ta ɗauki wata hanya: ta ce ɗan Adam dole ya yi kuskure, don haka aikin mai zanen titi ne ya tabbata kuskuren bai zama ajali ba. Yaro ɗan shekara shida zai biyo ƙwallo da gudu ko a Gaya ko a Turai. Ba za a canza yaron ba, titin za a canza.

Wani kuma zai ce wannan zancen masu kuɗi ne. To mu dubi Darussalam ta Tanzaniya. A can wata ƙungiya mai suna Amend ta riƙa bin makarantun firamare da yara suka fi samun rauni, tana yi musu dakalin tafiya, da tudun rage gudu, da zanen tsallakawa, har aikin ya ci babbar kyauta ta duniya a 2019. Babu gadar sama a ciki. Siminti ne da fenti da tunani.

Abubuwa huɗu nake ganin sun isa mu fara da su.

Na ɗaya, a rufe lambatu. Magudanar da aka bari baki buɗe tana cin mita guda a kowane gefe, tana tura mai ƙafa kan kwalta. In aka ɗora mata marfin kankare, ta zama hanyar tafiya ba tare da an rushe katangar kowa ba.

Na biyu, mashigar gari ta nuna kanta. Direban da ya taso daga Dutse ko Wudil ya kamata ya ji a jikinsa cewa ya shigo cikin mutane: titi ya ɗan tsuke, ko shataletale ya tare shi, bishiyoyi da fitilu su biyo baya.

Na uku, wurin tsallakawa ya zama a ƙasa, a ɗaga shi daidai tsayin dakali, a ƙofar makaranta da asibiti da kasuwa, da wurin tsayawa a tsakiyar tagwayen titi. Gadar sama ta masu ƙafa ba ta da amfani ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko gurgu, ko mai tura kura. A birnin Kano kowa yana ganin yadda ake barinta a bi ta ƙarƙashi.

Na huɗu, a ware wa keke da amalanke gefensu, a kuma fitar wa masu lodi da masu kasa kaya fili a bayan dakali. In ba a ba su wuri ba, kwalta za su ɗauka.

Direbobi ma riba za su ci. Abin da muke yi yanzu shi ne jira sai an yi rashi, sannan matasan unguwa cikin fushi su tara ƙasa da duwatsu su yi tudu a tsakiyar titi, babu fenti babu alama. Da dare mai babur ya hau shi ya kife, motar haya ta karya ƙafa. Tudun da injiniya ya auna ya fi wannan sauƙi ga kowa. Kuma babu direban da ke fita gida da niyyar ya dawo da alhakin rai a wuyansa.

Rigakafi ya fi magani, kuma a harkar titi lokacin rigakafin gajere ne: kafin a zuba kwalta. Duk sanda aka ji za a yi sabon aiki ko gyara a Gaya ko Ajingi, hakimi da dagatai da kansiloli da shugabannin makarantu su nemi ganin zanen, su tambaya ta ina yara za su tsallaka. Mu kuma masu riƙe da alƙalami, in za mu ba da labarin haɗari, kada mu tsaya a "tsautsayi". Mu faɗi daidai wurin, mu faɗi ko akwai dakali, ko akwai fitila, da karo na nawa ke nan a wannan kwanar. Yarda da ƙaddara bai taɓa hana kowa rufe rijiya ba.

Wace kwana ce a garinku kowa ya san tana cin mutane, kuma me ya rasa a wurin? Ku kawo sunanta. Allah ya tsare mu a kan hanya.