A Ƙwace Ranar Zaɓen Ƙananan Hukumomi Daga Hannun Gwamna

'Yan uwa malamai, daga kason ƙananan hukumomi albashinmu yake fitowa, amma zaɓen masu riƙe da wannan kaso shi ne mafi wulaƙanta a ƙasar nan. Ba shi da tsayayyar rana. Sai gwamna ya ga iska ta kaɗa masa, sannan hukumar zaɓen jiha ta buga ganga.

Ku tuna 2024. Da Kotun Ƙoli ta haramta kantomomin riƙo ranar 11 ga Yuli, jihohi suka shiga rububi: Jigawa 5 ga Oktoba, Kaduna 19, Kano 26. Oktoba fa, tsakar kaka, manomi na cirar gyaɗa da roron wake! Wa zai bar amfanin shekara ya bi layi? Jam'iyyar gwamna ta kwashe kujeru 27 a Jigawa, 23 a Kaduna, 44 a Kano, ko ɗaya ba ta kuɓuce ba. Shugaban da bai sha rana wajen neman ƙuri'armu ba, ina zai ji kukanmu kan ariyas da rufin aji mai yoyo?

Masu cewa haɗa zaɓuka zai rikita talaka raina shi suke yi. Takardun ƙuri'a uku yake jefawa ranar zaɓen shugaban ƙasa. A gyara tsarin mulki, a mayar da zaɓen ciyaman da kansila ranar zaɓen gwamna, da rani, ƙarƙashin INEC, wadda dama ita ke gudanar da na Abuja. Reshenmu ya kai wannan buƙata gaban uwar ƙungiya a taro mai zuwa.