Kandaji: Gona Da Gona Ake Biyan Ta

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Agusta na 2008 ne shugaba Tanja Mamadu ya aza tubalin farko na madatsar ruwa ta Kandaji, bisa kogin Isa, cikin jihar Tilaberi. Alkawalin shi ne wutar lantarki megawat 130 da noman rani. Wane ɗan Nijar zai ƙi wannan, mu da muka daɗe muna sayen wuta daga Najeriya? An soke kwangilar kamfanin Rasha a 2013, kamfanin ƙasar Sin ya kama aiki a 2019, ya dakata a 2023 bayan juyin mulki.

To amma damuwarmu a yau ita ce mutanen da ruwa zai ci garuruwansu. Rukunin farko, sama da mutum dubu 5, an riga an tashe su. Rukuni na biyu dubbai goma-goma ne, har da garin Ayoru.

Bankin Duniya, wanda ke cikin masu zuba kuɗi a aikin, ya amince da sabbin ƙa'idoji 10 na kare muhalli da jama'a a 2016, suka soma aiki a 2018. Ta 5 daga cikinsu ta tanadi cewa wanda aka tasa daga wurinsa kada rayuwarsa ta koma baya. Madalla. Sai dai a karkararmu gona gado ce, kuma dokar karkara ta 1993 ta yarda da mallakar gargajiya. Filin noman rani kuwa, wanda gwamnati ta gyara da kuɗin bashi, na gwamnati ne. Ke nan mai gona yana iya wayar gari ɗan haya, da kuɗin ruwa a wuyansa kowace kaka. In an ba shi tsabar kuɗi, shekara biyu sun ƙare. Balle makiyayi da masunci, waɗanda ba su da ko takarda guda da za su nuna.

Tun 1993 bankin ke da kwamitin da talaka zai iya kai wa kuka kai tsaye. Mu da ke aikin rediyo mun san saƙon da ke isa ƙauye da wanda ke tsayawa a ofisoshin Yamai. Manoma nawa suka taɓa jin labarin wannan kwamiti da Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek ko Hausa?

Don haka muke kira ga magabata da masu ba da bashi: a karanta wa jama'a haƙƙinsu a gidajen rediyon karkara, a ba kowane magidanci takardar da ƴaƴansa za su gada, a shata burtali da mashaya, kuma kada a rufe ƙofofin madatsar sai mutum na ƙarshe ya karɓi gonarsa.