Mario Strikers ba shirmen yara ba ne

Duk wanda ya leƙa shagunan gem na Bosso ko Tunga da yamma ya san wasan da ke ci a Minna: FIFA, wanda tun 2023 ya koma EA Sports FC. Ma'aikacin da ya bar iyalinsa can yana aiki a Abuja, idan ya tashi saya wa yara na'ura, shi yake nema. Mario Strikers kuwa a wurinsa shirmen katun ne.

Ba a yi wa wasan adalci ba. Nintendo ya fitar da na farko a 2005, na biyu a 2007, na uku a 2022 a kan Switch. Babu alƙali, babu fawul. Ana jefa wa abokin karawa ɓawon ayaba, a tunkuɗa shi jikin shingen lantarki. Wanda ya taɓa buga ƙwallon layi da duwatsu biyu a madadin raga ba zai ji baƙunta ba.

Amma babbar maganar ta kuɗi ce. A sashen Ultimate Team na FC, ana sayen ƙunshin 'yan wasa da kuɗin gaske kafin a san wanda zai fito, abin da hukumomin Beljiyam suka ɗauka caca tun 2018. Yaron da ya saba biya yana jiran sa'a, tsakaninsa da shagon caca taku kaɗan ne. A Mario Strikers ba a sayar da Luigi ko Bowser. Suna ciki tun ranar da aka sayi wasan. Switch ɗin ce dai ke da tsada, kuma masu gyaranta ba su kai na PlayStation yawa ba.