Wa Zai Kawo Hujja Idan Amarya Ta Mutu A Ɗakinta?

Masu fassara labaran Indiya sukan ce an kashe mace "saboda sadaki", mai karatu kuma ya rasa kan zancen, domin a wurinmu miji ke biyan sadaki, kuma haƙƙin matar ne. Abin da Indiyawa ke kira dahej dukiya ce da iyayen amarya ke bai wa ango da danginsa. Mafi kusa da shi a al'adarmu shi ne gara da kayan ɗaki, kuma duk wanda ya zauna a zangon Salaga ko Yendi ko Bawku ya san irin gorin da amarya ke sha idan ba a cika mata ɗaki ba. A Indiya gorin yakan kai ga kabari: alƙaluman hukuma suna nuna mutuwar mata fiye da 6,000 a shekara.

Tun 1961 aka haramta dahej, amma kama mai laifi ya yi wuya, domin a cikin gida ake aikata ta'asar, shaidun gani da ido kuwa dangin miji ne. Sai a 1986 majalisa ta ƙara sashe na 304B a kundin laifuffuka da sashe na 113B a dokar shaida. Idan mace ta mutu ta hanyar ƙuna ko rauni ko wani yanayi mai alamar tambaya cikin shekara 7 da aurenta, aka kuma tabbatar cewa gab da mutuwarta miji ko danginsa sun gallaza mata kan neman dukiya, wajibi ne kotu ta ɗauka cewa su suka jawo mutuwar. Daga nan nauyi ya koma kan wanda ake tuhuma, ya wanke kansa ko ya sha ɗaurin shekara 7 zuwa rai-da-rai. Sababbin dokokin da suka fara aiki ranar 1 ga Yuli 2024 sun riƙe wannan tanadi.

Masu suka sun ce an juya shari'a kai ƙasa, tunda mai da'awa aka sani da kawo hujja. Sukar tana da nauyi. Surukar da ba ta ci nanin ba tana iya tsufa a kurkuku. Duk da haka ina ganin Indiya ba ta yi kuskure ba. Sashe na 19 na tsarin mulkin Ghana na 1992, wanda ya ce mutum ba shi da laifi sai an tabbatar, shi ne kuma ya yarda doka ta ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin tabbatar da wasu abubuwa na musamman. Almajirin da ya karanta Risala a zaure ma ya san babin ƙasama: a mazhabar Malikiyya, idan aka sami lausu, wato alama mai ƙarfi kamar furucin wanda aka raunata kafin ya cika cewa wane ne ya kashe shi, magada jini ne ke fara yin rantsuwa 50, alhali a sauran shari'u rantsuwa tana kan wanda ya musa. Malamanmu sun daɗe da sanin cewa kisan ɓoye ba ya barin shaidu biyu adalai.

Sai dai a lura, a tsarin biyu duka nauyin ba ya juyawa haka kawai. Dole mai ƙara ya fara aza tubali. A 2021, a shari'ar Satbir Singh da jihar Haryana, Kotun Ƙolin Indiya ta bayyana cewa "gab da mutuwa" ba ya nufin a ranar ko a daren. Abin da ake nema shi ne alaƙa ta kusa tsakanin gallazawar da mutuwar. Wato sai an sami wanda ya ga tabo, ko ya ji kuka, ya kuma yarda ya tsaya gaban alƙali.

A nan ne mu muke faɗuwa. Yarinya ta yi yaji da kumburarriyar fuska, a yi biko, uwa ta ce ta yi haƙuri, zaman aure ibada ne, a mayar da ita ba tare da likita ko ɗan sanda ya gan ta ba, alhali dokar hana cin zarafi a gida tana nan tun 2007. Ranar da ta mutu kuwa, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Gaggauta jana'iza sunna ce, ba mai jayayya. Amma dokar binciken gawa ta 1960 ta wajabta a sanar da hukuma duk mutuwar da ta zo da rauni ko ba a san sanadinta ba, majistare ya duba kafin a binne. Uba a Makango yana tuna nisan Tamale, da kuɗin mota, da bakin mutane, sai ya ce ya bar wa Allah. Ko da majalisar Accra ta kwafo sashe na 113B gobe, lauyan gwamnati zai shiga kotu hannu rabbana.

Mutum biyu ke ganin abin da kotu ke buƙata: matar da ta yi wa gawa wanka, da limamin da zai yi mata salla. Ita ta faɗi abin da ta gani a jiki, shi kuma ya tambaya kafin ya tayar da kabbara, ko da jana'izar za ta kai gobe.