Ra'ayinmu: Tafintan da Ubangidansa Ya Yasar

Motar kayan da ta tsaya a Magama, kan iyakar Jibiya, kafin ta miƙa Ɗan Isa da Maraɗi, ba a takarda kaɗai lissafinta yake zama ba. Ma'aikacin kwastan yakan shigar da shi cikin kwamfuta, daga nan ya wuce wata ma'ajiya mai nisa wadda ɗan kasuwa bai taɓa gani ba. Idan ma'ajiyar nan ta ci amana, kuɗin fiton da ya biya ba shi da shaida.

Gwamnatoci da jami'o'i da dama a duniya suna tafiyar da irin waɗannan ma'ajiyoyi da OpenStack, manhajar da hukumar NASA ta Amurka da kamfanin Rackspace suka assasa a 2010, wadda kowa ke da ikon duba cikinta ya gyara. Sashenta mai kula da ajiya, Cinder, ba ya jin yaren injin kowane kamfani. Sai an sa masa tafinta, watau ƙaramar manhaja mai isar da umarni tsakaninsa da injin. Tun 2015 aka wajabta wa kowane kamfani ya riƙa jarraba tafintansa duk sa'ad da aka taɓa Cinder. Daga 2016 kuwa, wanda ya yi sakaci sai a yi wa tafintansa tambarin cewa ba mai kula da shi, kuma ba zai tashi aiki ba sai mai gudanarwa ya rubuta da hannunsa cewa ya ji ya gani. Da farko akan cire shi a fitowa ta gaba. Daga baya aka sassauta.

Akwai masu ƙorafi, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Mai hali yakan canza inji kamar riga. Mu kuwa da kuɗin talakawa muke saye, mu lallaɓa shi shekara goma, sai ga tambari ya mayar da shi abin tuhuma alhali yana aiki. Duk da haka muna bayan tambarin. Ba shi ya yasar da tafintan ba, kamfanin ne. Tambari faɗa kawai ya yi.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne sauƙin tsallake gargaɗin: layi guda ne tak. Ɗan kwangila mai gaggawa zai rubuta shi da dare, ya karɓi kuɗinsa da safe.

Galibinmu gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin da ake sa hannu. Tun 2024 Hukumar Kwastan ta fara maye gurbin tsarin NICIS II da B'Odogwu, sauran ma'aikatu ma kowace da nata sauyin. Lalle a rubuta cikin kowace yarjejeniya sunan injin ajiya, da tafintansa, da wanda ya ɗauki nauyin jarraba shi, da shekarar da nauyin zai ƙare. Kada kuma a tsallake tambari sai da sa hannun babban jami'i a fayil.