Sharhi: Wa ke ƙidaya malam-buɗe-littafi a Barmu?

A ƙarshen damana, daidai lokacin da samarin Barmu ke ɗaure kaya za su Abidjan ko Aljeriya, wani baƙo daga Turai yakan sauka a yankin Sahel. Wani nau'in malam-buɗe-littafi ne da masana ke kira Vanessa cardui. Yana ƙetare teku da Sahara, ya zuba ƙwai a ganyen da ruwa ya bari, daga baya jikokinsa su koma arewa. Shi ma ɗan ci-rani ne, sai dai babu mai tambayar sa takarda a Assamaka.

Masana sun daɗe suna bin sawun waɗannan ƙwari domin gane yadda yanayi ke sauyawa. A 1999, Camille Parmesan da abokan aikinta sun duba nau'i 35 da ba sa ƙaura a Turai, suka gano kashi 63 cikin 100 sun matsa arewa da kilomita 35 zuwa 240 cikin ƙarni guda, suna bin sanyin da ke guje musu. Wani binciken na 2021, wanda ya tattara bayanan shekara 21, ya nuna yawan Vanessa cardui da ke isa Turai yakan ninka na wata shekarar har sau 100, kuma babban dalili shi ne yawan tsirrai a kudu da Sahara. Wato ruwan Afirka ne ke faɗa a lambunan Sifaniya.

Ba a samu wannan sani da tsafi ba. A Ingila, tun 1976 masu sa-kai ke bin hanya ɗaya kowane mako suna rubuta abin da suka gani. Adar ba ta da irin wannan kundi.

Wani zai ce mutumin da rumbunsa bai cika ba ina ruwansa da malam-buɗe-littafi. To, murzuna da ke cinye zangarniyar hatsi tsutsar ɗan'uwansa ce mai tashi da dare, kuma bayan farin 1972 zuwa 1974 ne ta zama annoba a Sahel. Masu bincike na INRAN da jami'ar Maraɗi suna kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke kashe ta, ana kai shi gonaki cikin ƙananan buhuna. Amma in ba a san lokacin fitowar tsutsar ba, an yi aikin banza. Barmu kuwa tana kusa da iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata, inda jinkirin ruwa na mako biyu kan raba manomi da abincin shekara.

Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ce ya kamata ta ɗauki wannan aiki, tare da malaman gona. Ba ya buƙatar jirgi ko tauraron ɗan'adam: ɗalibi da wayar salula, hanya ɗaya tsakanin gonaki, hoto da kwanan wata sau ɗaya a mako daga shuka zuwa girbi. Ƙungiyoyin 'yan Adar da ke waje, waɗanda suka saba haɗa kuɗin gina masallaci da aji, za su iya biyan man babur da katin waya na damana guda.